Landiroba mai tsawon taƙi ɗaya: shekarar da wani malami a Birnin Kebbi ya yi yana fama da fenti

Asalin lamarin

Malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, yana koyar da zanen fasaha a wata sakandare, shekarunsa sun haura arba'in. Tun muna yara na san shi, lokacin da duk unguwarmu babu wanda ya kai shi iya motar kara. Mu mukan soka ɓawon kara a cikin totuwa mu sami abin da za a ja da igiya, shi ke nan. Shi kuwa sai ya yi wa tasa ƙofa mai buɗewa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya lanƙwasa waya ta zama sitiyari. Mahaifinsa direba ne a ma'aikatar gona tun zamanin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Motar da ya fi daɗewa yana ja Landiroba ce, jiki kore, rufi fari, wadda ake shiga ƙauyukan fadama da ita.

A watan Nuwamba na 2022 ƙanensa ya dawo daga karatu a Ingila, ya kawo masa tsarabar kwali biyu. Motocin roba ne da ake sayarwa a warwatse, kowane ɓangare a manne jikin wasu sandunan roba, mutum ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa, ya yi fenti da kansa. Ɗaya Bitil ce ta 1966, wato ƙaramar motar Volkswagen mai siffar kunkuru, ƙirar kamfanin Tamiya na Japan. Ɗayar Landiroba ce samfurin Series III, wadda aka riƙa ƙerawa daga 1971 zuwa 1985, ƙirar kamfanin Revell. Duka biyun a ma'aunin 1:24 suke, wato kowace santimita 24 a jikin motar gaske ta koma santimita 1. Landirobar da tazarar tayoyinta na gaba da na baya ta kai inci 109 sai ga ta kusan santimita 18 da rabi daga kai zuwa gindi. Taƙi ɗaya ke nan na babban mutum.

Haɗawa ba ta ba shi wuya ba. Mai hannun motar kara, da reza da abin yankan farce da hantsaki ya gama da wannan. Fenti ne ya tsaya masa a wuya. Babu fenti ko gam a cikin kwalayen, takardar umarni lambobin fentin kamfanonin kawai ta jera. Ƙanen bai iya ɗauko su ba, don fentin feshi na gwangwani kayan kama wuta ne, ba a yarda a sa shi cikin kayan fasinjan jirgi. Ya zagaya babbar kasuwa bai sami mai sayar da irinsu ba. Sai ya yanke shawarar ba zai buɗe kwalin Landiroba ba har sai ya koyi fenti a jikin Bitil.

Disamba 2022: feshin farko

Ya sayi jan fentin feshi a shagon kayan gyaran mota. Ranar wata Asabar bayan Azahar ya fito tsakar gida, ya goge jikin Bitil da busasshen tsumma, ya ɗora ta kan kwali, ya fesa mata fenti lokaci guda, mai kauri, kai tsaye a kan roba.

Minti biyar na farko tana ta ƙyalli. Kafin minti goma rufin ya fara yamutsewa, ya tsattsage siri-siri kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Inda bai tsage ba kuma ƙura ta zauna ta kama.

Bai tsaya nan ba, ya ce bari ya ga ƙarshenta. Da fentin ya bushe ya manna gilasai da sufa gulu. Da safe ya tarar da wani farin hazo ya rufe gefunansu, kuma a gilashin baya ga zanen yatsansa nan fari fat, layi-layi. Tururin sufa gulu ne ke bin danshi da maiƙon hannu ya daskare a kan roba mai haske. Ya goge da man goge baki, uku suka washe, na bayan ya ƙi.

Janairu zuwa Fabrairu 2023: wankewa da fentin mai

Don ya cire jan fentin, ya cire gilasan, ya jiƙa jikin motar a cikin man birki ya kwana, da safe ya bi shi da tsohon buroshin haƙori da sabulu. Fentin ya fita. Tsagar tana nan, domin robar ce da kanta ta ciwu. Sannan ɗaya daga cikin siraran ginshiƙan da ke tsakanin gilasai ya karye a hannunsa ba tare da ya matsa ba. Man birki kan sa irin wannan roba ta yi gautsi idan ta daɗe a ciki. Ya manne ginshiƙin, ya kwana uku yana goge rufin da samfefa mai lamba 600, sannan 1000, yana tsoma ta a ruwa.

Tunda feshi ya cinye roba, sai ya koma fentin mai, irin na ƙaramin gwangwani da ake yi wa ƙofa da taga, ya sirka da kananzir, ya shafa da buroshi mai laushi. Wannan bai taɓa robar ba. Amma fentin mai kwanaki yake ɗauka kafin ya bushe, kuma tsakiyar hunturu ake. Ya shige ɗakin baƙi, ya rufe taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Duk wanda ya yi hunturu a Birnin Kebbi ya san wannan ba ya hana komai. Ƙurar da iska ke ɗaukowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta fi garin alkama laushi, ko'ina tana shiga. Bayan kwana biyu ya ƙirga ɗigon ƙura sama da ashirin a rufin motar kaɗai, ga kuma sawun buroshi. Warin fenti da kananzir a rufaffen ɗaki ya sa shi ciwon kai kwana biyu, har uwargidansa ta ce abin nan ya bar cikin gida saboda yara.

A wannan watan ne ya lura da wani abu. Yana goge jikin motar da busasshen tsumma sai ya ga gashin hannunsa ya miƙe yana bin robar. Ya yayyaga takarda ƙanana ya kusanto da motar, sai suka yi tsalle suka manne. Abin da ɗalibai ke yi ne da biro idan sun goga shi a gashin kai. A busasshiyar iskar hunturu gogawa na tara wa roba wani ƙarfin lantarki mai jawo duk abin da ke yawo a iska. Ashe duk sanda ya goge motar kafin fenti, kiran ƙura yake yi da hannunsa. Daga ranar ya daina sa mata tsumma.

Afrilu 2023: bazara

Hazo ya ɗauke, zafi ya sauka, ana cikin azumi, rana tana haura digiri 40. Ya sake wanke Bitil, wannan karon awa uku kawai ta yi a man birki. Ya koma fentin feshi da sabuwar dabara: tunda kauri ne ya cinye roba, bari ya tsaya nesa, kamar santimita 40, ya fesa sama-sama. Robar ba ta tsage ba. Amma jikin ya fito da kaushi kamar samfefa, babu ƙyalli ko kaɗan. A irin wannan zafi tina, wato ruwan da aka sirka fenti da shi, takan tsere tun fentin yana iska, sai ya sauka a matsayin busasshen gari maimakon ya kwanta ya baje.

A makon ne kuma ya ɗora murfin injin, wanda a Bitil a baya yake, a kan wani guntun kwano a rana don ya yi saurin bushewa. Ya shiga ya yi sallah ya fito, murfin ya karkace. Ya tsoma shi a ruwan zafin da bai kai ga tafasa ba, ya danna da yatsu, ya jefa a ruwan randa. Ya dawo kusa da yadda yake, amma har yau ba ya rufuwa daidai.

Ya mayar da komai kwali. Wata guda bai taɓa ba.

Mayu zuwa Yuli 2023: mai fentin mota da cokula

Bayan Sallah ƙarama ya kai babur ɗinsa gyara, ya hangi wani dattijo mai fentin mota yana yayyafa ruwa a ƙasa kafin ya ɗauki bindigar feshi. Washegari ya dawo da Bitil a cikin leda. Dattijon ya juya ta a hannu, ya karta rufin da farce, ya ce, "Malam, wanga fenti na ƙarhe na. Tinar da ke ciki ta yi ma robar ga ƙarhi. Ka sa mata shimfiɗa?"

Ya ce, "A'a, Baba, ban sa ba."

"To ko mota ta gaske ba mu fara mata da launi."

Sun yi kusan awa guda a inuwar rumfar garejin. Abin da ya taho da shi bai da yawa. A fara da fentin shimfiɗa mai ruwan toka, a fesa shi kamar raɓa, sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, don ya zama katanga tsakanin roba da launi. A jiƙa ƙasa kafin feshi. A yi aiki da sassafe kafin iska ta tashi. Kada a kuskura a ɗora fentin tina a kan fentin mai, zai yamutsa shi. Kuma a gwada a wani abu kafin a taɓa motar.

Wannan na ƙarshen shi ya ɗauka da gaske. Robar da ake yin waɗannan motoci da ita ana kiranta folistirin, kuma ita ce a jikin wasu cokulan robar da ake rabawa a biki. Ba duka ba: ya gano cewa cokalin da ke lanƙwashewa ya dawo wata roba ce daban da tina ba ta damunta, gwaji a kansa yaudara ne. Wanda idan an lanƙwasa shi yake karyewa ƙas, shi ne ɗan'uwan motar. Ya sayi ƙunshi guda na masu karyewa, ya sa wa kowanne lamba a mariƙinsa, ya ware littafi irin na ɗalibai mai shafi arba'in. A kowane layi akwai lambar cokali, kwanan wata, ƙarfe nawa, nisan feshi, sau nawa aka fesa, da yadda ya fito.

Na ga littafin. Rubutun malamin zane ne, layi a miƙe. Cokali na 3, babu shimfiɗa, feshi mai kauri: ya tsage kamar rufin Bitil. Na 7, shimfiɗa biyu, launi daga santimita 40, ƙarfe biyu na rana: kaushi. Na 11, shimfiɗa biyu, launi uku daga santimita 20, bayan Asuba da gari ya waye: sumul. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin na 11. Cokulan da kansu suna soke a jikin wani guntun katifa, jajaye jere da juna, bayansu yana kallon sama.

Da ma yana da niyyar sa a aiko masa da fentin da aka yi musamman don wannan aiki ta hannun masu kawo kaya ta ruwa. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 750 a kasuwar hukuma, ga kuɗin mai ya riga ya ninka tun ƙarshen Mayu. Albashin malami bai ɗauki wannan ba. Ya haƙura da abin da ke kasuwar gari.

Ya kuma yi wa motar ɗakin bushewa. Babbar roba ce mai haske, irin ta ajiye tufafi, ya kife ta, ya huda ramuka shida a gefe, ya manne musu yankin tsohon gyale. Wari yana fita, ƙura ba ta shiga.

Agusta zuwa Satumba 2023: damina

Dokar sassafe da ta yi aiki a Mayu da Yuni sai ta juye masa. Cokula uku a jere, duka an fesa su da safe bayan ruwan dare, suka fito da wani fari-fari kamar an shafa musu nono. Tina idan tana tserewa takan sanyaya fuskar fenti, danshin da ke iska sai ya taru a kai ya shige ciki. A Agusta iskar Birnin Kebbi cike take da ruwa, balle ga fadama kusa. Ya matsar da lokacin feshi zuwa hantsi, a ranar da ba a yi ruwa ba, farin ya daina fitowa. Ya ƙara feshi ɗaya marar kauri a kan ɗaya daga cikin cokulan da suka ɓaci, shi ma ya washe.

A tsakiyar Satumba ya yi wa Bitil fenti na huɗu. Ta fito ja mai ƙyalli. Idan an karkata ta a haske ana ganin tabon rufin, gilashin baya yana nan da hazonsa, murfin inji a ɗan buɗe. Ya ɗora ta kan kabad a haka.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: Landiroba

Ruwa ya ɗauke, hazo bai iso ba. A mako na biyu na Oktoba ya buɗe kwalin da ya yi wata goma sha ɗaya a rufe.

Ya wanke jikin da sabulun wanke-wanke, ya ɗauraye, ya kife roba a kai ya kwana. Ya kafa jikin a kan tsohuwar kwalba da salatif don hannu ya sami mariƙi. Da gari ya waye ya yayyafa bokiti guda na ruwa a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, ya girgiza gwangwani minti biyu cur. Yakan fara feshi tun kafin ya iso kan motar, ya wuce ta sannan ya saki, don tofin farko da na ƙarshe kada su sauka a jiki. Shimfiɗa sau biyu, tsakaninsu minti goma, daga santimita 20. Ana gamawa sai cikin roba.

Bayan kwana uku ya bi ta da samfefa 1500 da ruwa, yana kauce wa maɗaurin ƙofofi da ƙananan tudun da ke jikin, waɗanda gogewa ɗaya mai ƙarfi za ta share. Ya fara da farin rufi, ya bar shi mako guda. Ma'auninsa na bushewa hanci ne: muddin yana jin warin fenti idan ya kusanto da ita, ba ta gama ba. Sannan ya rufe rufin da salatif na takarda, bayan ya fara manna shi a tafin hannu don ya rage masa kamu. Kore sau uku, biyu kamar raɓa, na uku ya ɗan rage saurin hannu har fentin ya kwanta.

A feshi na uku wani siririn zare ya sauka a kan ƙofar direba. Da a Disamba ne da ya sa farce. Ya bar shi, ya rufe. Bayan kwana takwas ya goge wurin da samfefa 2000 da ruwa, ya bi da man goge jikin mota kaɗan a auduga. Ba a ganin wurin.

Gilasai da farin gam ɗin kafinta ya manna su, yana ɗiba da tsinken sakace. Wannan gam ba ya tururi, kuma idan ya bushe yakan zama garau. Sauran ɓangarori da sufa gulu, ɗigo ɗaya a bakin tsinke, nesa da gilashi.

Ya gama a makon ƙarshe na Nuwamba. Ya kai wa mahaifiyarsa a tafin hannu. Ta daɗe tana kallo, ta taɓa tayar da ke kan murfin inji, ta ce nan mahaifinsu yake ɗora buta idan ya tsaya alwala a hanyar Argungu.

Abin da nake gani

Irin fentin feshin da ya cinye Bitil a Disamba, daga shago guda, shi ne ya yi Landiroba a Oktoba. Don haka ban yarda cewa rashin kayan waje ne ya ɓata masa shekara ba, ko da yake da ya same su da aikin ya fi sauƙi, don an sirka su daidai ƙarfin wannan roba. Abu uku suka canza: shimfiɗar da ta raba tina da roba, lokacin feshi, da robar da aka kife. A cikinsu shimfiɗa ce ta fi nauyi, domin ƙura da kaushi ana goge su, amma robar da ta ciwu ta ciwu.

Abin da ya fi waɗannan duka, a ganina, littafin cokula ne. Kafin shi, duk gwaji a jikin mota ake yi, kuma yakan canza abu biyu ko uku lokaci guda, fenti da wuri da nisa, har ba a san wanne ya jawo me ba. Da littafin ne ya kama cewa safiyar Mayu da safiyar Agusta ba ɗaya ba ne. Takardar umarnin da ke cikin kwali ba za ta gaya masa wannan ba, ba a rubuta ta don garin da ke da hunturu da bazara irin namu ba. Kuskurensa mafi tsada shi ne wata biyar da ya yi bai tambayi mai fentin mota ba, alhali garejin bai kai tafiyar minti goma daga gidansa ba. Rufe kansa a ɗaki da fenti kuwa haɗari ne ga lafiya. Takunkumin yadi yana tare ƙura ne kawai, ba ya tare tururin tina, fitowa fili ce ta raba shi da ciwon kai.

Akwai abin da ya kamata a rage daga yabon. Landiroba mota ce mai yafiya, bangonta a miƙe, kuma ko ta gaske ba a san ta da ƙyallin madubi ba. Mota mai lanƙwasa a baƙin fenti za ta tona abin da kore ya rufe. Koren ma kusa ya zo da na mahaifinsa, bai zama shi ba, abin da ke shago ya ɗauka. Kuma bai ci hunturu ba. A Janairu na 2024 ya sake gwada cokula huɗu da duk dabarun nan, uku suka fito da ƙura, don 'yan daƙiƙun da ke tsakanin feshi da kifa roba sun ishe ta.

Yanzu ya raba shekararsa gida biyu. Daga Disamba zuwa Mayu yana haɗa inji da kujeru da ƙarƙashin mota, yana musu fenti da ƙaramin buroshi a ƙofar gida. Feshin jiki sai ranakun damina marasa ruwa da kuma kaka. Kwali na uku ya iso ta hannun wani abokin ƙanensa. Inji ya haɗu, kujeru sun shiga, jikin yana nan a wanke ƙarƙashin roba yana jiran Oktoba.